Ribar shekara uku a jere ta isa hujjar zuba kuɗi a ajiyar hatsi?

Tambaya: Wani malamin makaranta da ya aje aiki, mazaunin Damagaram, ya rubuto cewa ƙanen maiɗakinsa ɗan kasuwar hatsi ne a Kasuwar Dole. Ya zo masa da shawara ya ba shi miliyan 2 na sefa daga ɗan abin da ya tara, a sayi hatsi da wake yanzu da kaka, a ajiye sai damana ta faɗi a sayar. Hujjarsa ita ce ya yi hakan ya sayar a 2022 da 2023 da 2024, kowace shekara ya ci riba mai kauri, har ya sayi fili ya aza gini. Da malam ya tambaye shi labarin 2025, sai ya ce waccan shekara ce ta daban, ba a sa ta a lissafi. Malam yana son ya san yadda zai auna wannan magana ba tare da ya ɓata zumunci ba.

Amsa: Malam, Allah ya sa an aje aiki a sa'a, ya albarkaci abin da aka tara. Aikina bin farashin amfanin gona ne a kasuwannin wannan jiha, kuma maganar da surukinka ya kawo maka ina jin irinta kowace kaka. Ba na zaton ƙarya ya yi maka. Mai yiwuwa duk ribar da ya faɗa ya ci ta da gaske. Sai dai gaskiyar abin da ya wuce daban, hujja kan abin da zai zo daban. Abin da ke haɗa su shi ne dalilin da ya kawo ribar. In dalilin yana nan daram, to jiya za ta iya ba ka labarin gobe. In dalilin ya gushe, ko shekara goma aka jera maka ba su da amfani. Don haka kafin ka tambaye shi nawa ya ci, ka tambayi abin da ya sa ya ci.

Akwai dalili guda na asali wanda yake tare da surukinka, kuma bai kamata a raina shi ba. Da kaka manomi yana da bashin da zai biya, ga biki, ga kuɗin makarantar yara, ga mai shirin tafiya ci-rani yana neman kuɗin mota. Kowa ya fito da hatsi a lokaci guda, tiya ta faɗi. Kafin Yuni da Yuli rumbuna sun yi ƙasa, wanda ya sayar da arha ya dawo yana saye da tsada. Wannan juyi yana da tushe, kuma a mafi yawan shekaru farashi yakan tashi tsakanin kaka da tsakiyar damana. A kansa aka gina tsarin nan da ƙungiyoyin manoma ke jinginar da hatsinsu a mangaza su karɓi rance, su fanshe shi in farashi ya hau. To amma «mafi yawan shekaru» ba «kowace shekara» ba ne, kuma tashin da aka saba gani bai kai irin wanda ya faru a shekarun da aka lissafa maka ba.

Mu ɗauki shekarun nan uku mu duba su ɗaya bayan ɗaya, domin a nan zancen yake. Hatsin da aka sayar a 2022 na damanar 2021 ne, wadda ruwa ya ɗauke mata da wuri. Abin da ƙasar nan tamu ta Nijar ta noma ya ragu da kusan kashi ɗaya cikin uku ko fiye, idan aka kwatanta da shekarar da ta gabace ta. Duk wanda ke da buhu a ɗaki ya ci riba, gwani da wanda bai san komai ba. Damanar 2022 kuwa ta yi kyau, kuma da abubuwa sun tafi yadda aka saba, da ribar ajiya ta zama ƴar kaɗan. Sai ga juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, CEDEAO, ta sa takunkumi, Najeriya da Benin suka rufe iyaka, kayan abinci suka yi tashin gwauron zabo daidai lokacin da masu ajiya ke fitar da kaya. A 2024, duk da an ɗage takunkumin a watan Fabrairu, hanyar Benin ba ta buɗe ba, kakar 2023 ba ta yi auki ba a wurare da dama, abinci ya yi tsada a Najeriya ita ma, farashi ya kai inda mutane da yawa ba su taɓa gani ba. Ka ga fari, ka ga rufe iyaka, ka ga ƙarancin kaya da toshewar hanya. Babu ɗaya daga cikinsu da surukinka ya hango da kaka lokacin da yake saye, kuma babu wanda zai iya yi maka alkawarin dawowarsa. Wanda ya ce maka ribar za ta maimaita kanta, a fakaice yana cewa ne masifa irin waɗancan za ta sake aukuwa bana. Ba ma fatan haka, kuma ba a aza dukiyar tsufa a kai.

Shekarar da ya ce a cire ita ta fi kowace muhimmanci a wurina. Damanar 2024 ta zo da ruwa mai yawa, har tsohon masallacin Birni ya rushe a watan Satumba, amma gonaki sun ba da amfani sosai. A watan Oktoba gwamnati ta hana fitar da hatsi da dawa da masara da shinkafa da wake zuwa waje, in ban da Mali da Burkina Faso. Kaya suka yi yawa, ƙofar Kano ta tsuke, farashin 2025 bai yi tashin da masu ajiya suka sa rai ba, ya tsaya ƙasa sosai da na 2024. Akwai kuma abin da ba a cika lura da shi ba: labarin ribar shekara uku ya riga ya game gari, ma'aikaci da tela da mai shago duk sun shiga ajiya. Idan masu saye suka yi yawa da kaka, su da kansu suke ɗaga farashin saye, idan damana ta zo su da kansu suke cika kasuwa da kaya. Ribar da kowa ya sani takan ci kanta. Saboda haka 2025 ba shekara ce ta daban ba. Tana cikin irin shekarun da wannan sana'a take da su, kuma duk lissafin da ya cire ta ya cire maka ainihin abin da kake bukatar sani. Duk lokacin da mutum ya zaɓi inda lissafi zai fara da inda zai tsaya bayan ya riga ya ga sakamako, ka nemi a ƙara maka shekarun da ke gaba da na baya. Hukumar SIMA, mai bin kasuwannin amfanin gona, ta daɗe tana tattara farashin kasuwannin ƙasar nan, har da na Damagaram. Farashin Nuwamba da na Yuli na shekara goma ko goma sha biyar, in ka jera su a takarda, sun fi bakin kowane ɗan kasuwa.

Shekara uku ma a kanta kaɗan ce ƙwarai. A ce ƴan kasuwa 200 ne, babu mai wata dabara a cikinsu, kowa yana canka ne kawai, ko dai ya dace ko ya faɗi, rabi da rabi. Shekarar farko 100 za su dace. Ta biyu 50 daga cikinsu za su sake dacewa. Ta uku 25. Mutum 25 ke nan da za su iya rantsuwa da gaskiyarsu cewa sun ci riba shekara uku a jere, alhali sa'a ce zalla. Kuma su ne za ka gani, domin su ne suka aza gini, su ne ke zuwa neman jari. Sauran 175 ɗin ba sa zagaya gidajen dangi suna ba da labari. Wanda wake ya lalace masa, wanda ya sayar da asara ya koma tuƙa babur, babu mai kawo maka lissafinsa. Ka tambayi surukinka, cikin raha, su wa suka fara wannan ajiya tare da shi, kuma ina suke yanzu.

Akwai wata ƙa'ida da masana lissafi suka daɗe da ganowa. Wani Baturen Ingila mai suna Francis Galton ya auna tsayin iyaye da na ƴaƴansu, ya wallafa sakamakon a 1886. Ya ga iyaye masu tsayi sosai sukan haifi dogaye, amma ba su kai su ba, sukan matso kusa da tsayin yawancin mutane. Dalili shi ne duk sakamakon da ya fita daban yana da rabon sa'a a cikinsa, ita kuma sa'a ba ta bin mutum. Kai malami ne, ka san haka a aji: yaron da ya ci makin da ya ba kowa mamaki a jarrabawa ɗaya, ta gaba yakan sauko kusa da matsayinsa na kullum, ba don ya lalace ba. Haka shekarun 2022 zuwa 2024 suke a tarihin farashin hatsi. Abin da ya fi kusa da hankali shi ne a sa ran shekara matsakaiciya, a yi lissafi da ita.

Yaya za ka raba ƙwarewar mutumin da tashin kasuwa? Ka kwatanta abin da ya ci da abin da kasuwa ta ba kowa. In buhu ya tashi da kashi 60 cikin 100 shi kuma ya ci 45, to ruwa ne ya ɗauke shi, bai yi iyo ba. Ƙwarewar gaske tana wasu wurare da ba su da armashin faɗi. Shin ya san kasuwannin ƙauye, irin su Bakin Birji da Kundumawa da Mirya, ya san ranar da kaya ke sauka da arha? Yana saye da tiya mai tozo a ƙauye ya sayar da buhu a gari, ya san abin da wannan bambanci ke ba shi? Ya iya ajiya? Ka je mangazarsa da kanka, ka sa a kwance buhun wake guda daga ƙasan tari, ba wanda ke sama ba. Ka tura hannu har gwiwar hannu. In ka ji ɗumi a ciki, in gari ya manne maka a fata, in ka ɗebo ka ga ƙwayoyi da ƴan ramuka kamar an huda da allura, ƙwaro ya riga ya shiga, kuma kafin Yuni rabin darajar buhun ta tafi. Ka duba ko yana amfani da buhun PICS mai riɓi uku wanda ke toshe iska, ko buhunan suna kan katako, ko rufin yana yoyo. Irin wannan ƙwarewa ita ce ke bin mutum daga shekara zuwa shekara, kuma a kanta tarihinsa hujja ne mai ƙarfi. Haka amanarsa. In ya shekara goma yana karɓar kuɗin mutane yana mayarwa a kan lokaci, wannan shaida ce ta gaske, domin ta maimaitu sau da yawa kuma tana hannunsa. Farashin Yuli kuwa ba ya hannunsa. Mutane sukan haɗa biyun, su ce ai mutumin kirki ne, ba zai cuce ni ba. Mutumin kirki ma kasuwa tana karya shi.

Sannan ka sa a yi maka lissafin ribar da tsabta, domin yawancin masu ba da labari farashin saye da na sayarwa kawai suke faɗa. Ga misali da na ƙirƙira don kwatance kawai, ba farashin yau ba ne. An sayi buhu jika 20. Kuɗin mota da dako da ɗan kamasho da hayar mangaza da sabon buhu da raguwar awo sun ci jika 2. Buhu ya tsaya jika 22 ke nan. In an sayar jika 30, riba jika 8. In an sayar jika 24, wanda ba abin mamaki ba ne a shekara mai yalwa, riba jika 2 bayan wata bakwai ko takwas kuɗinka na ɗaure, kuma ita za ku raba biyu. In an sayar jika 18, asara jika 4 a kowane buhu. Akwai kuma tarkon da ke cikin matsakaicin lissafi. A ce jari ya ƙaru da kashi 40 shekarar farko, ya sake ƙaruwa da 40 ta biyu, ta uku ya faɗi da 50. In ka haɗa ka raba uku za ka ce ana cin kashi 10 a shekara. Amma bi kuɗin ka gani: jika 100 ta zama 140, ta zama 196, ta dawo 98. An yi shekara uku ana wahala, an ƙare ƙasa da inda aka fara. Abin ya fi haka muni a aikace, saboda mutane sukan fara da kaɗan, su ƙara jari bayan sun ga riba, sai mummunar shekara ta same su lokacin da kuɗinsu ya fi yawa a ciki. Kai ma yanzu ake gayyatar ka, bayan labari ya yi daɗi.

Mu ƴan Damagaram bai kamata a koya mana cewa ƙasa takan juya ƙarƙashin sana'a ba. Fataken da ke bi ta nan tsakanin Kano da Tarabulus sun gaji hanyar iyaye da kakanni, jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, kaya suka koma bi ta teku, ayari ya mutu. Gyaɗa ita ce babbar abin da Nijar ke fitarwa waje a shekarun 1960, Magarya da Matamai suna cikin cibiyoyinta. Fari na farkon shekarun 1970 da cutar da ta afka wa gyaɗa a 1975 suka durƙusar da ita. Wanda ya kalli shekara ashirin na baya a 1968 zai rantse gyaɗa ba ta faɗuwa. A Janairun 1994 an karya darajar sefa da rabi a dare ɗaya. Ita ma naira, tun da aka sake ta a Yunin 2023 ta zube, kuma duk lokacin da ta faɗi, mai sayen wake da dabbobi daga Najeriya ba ya iya biyan abin da ya saba biya da sefa. Kasuwar hatsinmu tana rataye da damana, da iyaka, da naira, da shawarar gwamnati, da lokacin da OPVN, hukumar ajiyar abinci ta ƙasa, za ta fito da kaya a farashi mai rahusa. Ko ɗaya daga cikinsu ya motsa, tarihin shekarun baya ya rage nauyi.

Wani abu kuma, ko da bai shafi surukinka ba, ina so ka riƙe shi don masu zuwa da takardu da hotuna a WhatsApp. Tarihin riba da ba shi da tabo ko ɗaya abin tsoro ne, ba abin sha'awa ba. Bernard Madoff a Amurka ya shekara da shekaru yana nuna wa mutane riba mai santsi, kusan ba watan asara, har asirinsa ya tonu a Disambar 2008, aka gane kuɗin sababbin shiga yake biyan tsofaffi da su. MMM, wata harkar zuba kuɗi ta intanet, ta yi wa mutanen Najeriya alkawarin kashi 30 cikin 100 a wata, ta biya na farko-farko, su kuma suka zama shaidunta, sannan ta rufe asusun mutane a Disambar 2016. A irin wannan, ribar baya ita ce ƙugiyar da kanta. Ɗan kasuwar da ya buɗe maka littafinsa ka ga shekarar asara a rubuce, ya faɗa maka nawa ya rasa da yadda ya tashi, ya fi cancantar kuɗinka a kan wanda bai taɓa faɗuwa ba.

Abin da nake ba ka shawara shi ne ka zauna da shi, ba a gaban maiɗakinka ba don kada abin ya zama na kunya, ka ce kana so ka fahimci sana'ar kafin ka shiga. Ka nemi ya nuna maka littafin dukan shekarun da ya yi, har da 2025: buhu nawa ya saya, nawa ya kashe, yaushe ya sayar, nawa ya rage a hannu. Ka tambaye shi me ya gani bana musamman da zai sa farashi ya tashi. In ya kawo maka labarin yadda damana ta kasance a Damargu da Gure da Magarya, da halin da iyaka ke ciki, da abin da ake ciki a kasuwar hatsi ta Dawanau a Kano, to kana magana da mai tunani. In ya koma kan cewa ai bara waccan ma an ci, to ba shi da wata hujja bayan wadda ka riga ka ji.

Game da yawan kuɗin, ni ba zan sa miliyan 2 gaba ɗaya ba, musamman ga wanda albashi ya tsaya masa. Ka ɗauki mafi munin shekara a cikin goma sha biyar ɗin da ka jera, ka ƙaddara ita ce za ta zo, ka tambayi kanka nawa za ka iya rasawa ba tare da tukunyar gida ko kuɗin asibiti sun tsaya ba. Abin da ya fito shi za ka ba shi, ko da kashi ɗaya cikin huɗu ne. Ku amince tun yanzu kan farashin da za a sayar in ya hau, da watan da za a fitar da kaya ko da bai hau ba, domin masu ajiya da yawa sabon hatsi ne yake riskarsu suna jiran ƙari. Kada ka yarda ya yi maka alkawarin riba ƙayyadadda ko ya ce ya lamunce maka jarinka. A hukuncin ƙiradi, wato ba wani jari ya juya, riba ana raba ta ne bisa kason da aka yarda, asara kuma tana kan mai dukiya matuƙar mai juyawa bai yi sakaci ba, kuma yana da kyau ka ji ta bakin malaminka kan wannan da kan iyakar ajiyar abinci a lokacin da jama'a ke cikin ƙunci. Ku rubuta yarjejeniyar, shaidu biyu su sa hannu, a ware buhunanka da alama a mangaza, kuma ka riƙa leƙawa duk wata kana kwance ɗaya daga ƙasa.